Ƙwaya Ta Uku

Ranar Litinin da misalin ƙarfe goma na safe, kamfanin jigilar kaya ya miƙa mabuɗin babbar motar Birki ga wani direba. Birki na da shekara arba'in da ɗaya, da mata da 'ya'ya huɗu, kuma shekararsa goma sha ɗaya yana jan wannan motar. Wata shida kafin nan aka dakatar da shi, bayan an same shi a gefen titi ya kife a kan sitiyari, da kwalin ƙwayar kashe ciwo a jikinsa. Ba a kore shi ba. Sharaɗi ɗaya aka gindaya masa: ya kawo takarda mai tambari daga cibiyar farfaɗo da masu shaye-shaye, wadda ke cewa ya yi kwana ɗari da tamanin bai taɓa komai ba. Ranar Litinin ɗin wa'adin ya cika. Cibiyar ba ta ba shi takardar ba. Kwana biyu kafin nan ta ba mutum tara irinta, a gaban masu ɗaukar hoto.

Ƙwaya uku ne suka hana shi, da kuma bakinsa. Wadda ta sa alƙalami ta rubuta kuwa, ita kaɗai ce a ginin da ta san sunayen 'ya'yansa.

Cibiyar tana hawa na biyu ne na wani gini a bakin babban titi. A ƙasa akwai mai facin taya, da wani kemis da ba ya tambayar kowa takardar likita. Masu zuwa cibiyar sukan gaisa da mai kemis ɗin kafin su hau bene, don yawancinsu tsofaffin kwastomominsa ne. A sama ɗaki uku ne. Akwai ɗakin zama, mai kujerun roba goma sha shida da fanka ɗaya wadda reshenta ya lanƙwashe, tana juyawa tana ƙara. Akwai ɗan lungun akawu. Sai ofishin Darakta, inda aka kai kafet da na'urar sanyaya ɗaki da duk abin da aka taɓa kawo wa cibiyar mai sheƙi.

Anti ce ke jagorantar zaman kowace Alhamis. Haka kowa ke kiranta, har waɗanda suka girme ta. Ta yi shekara goma sha tara tana aikin nas a sashen masu larurar ƙwaƙwalwa kafin ta dawo nan, shekara shida ke nan. A asibiti an horar da hannunta a kan abu ɗaya tun tana ɗaliba: duk abin da ya faru da majinyaci a rubuta shi a lokacin, yadda ya faru. Ta ga an kori mutane a kan layi ɗaya da suka gyara. Ba ta taɓa gyara ko ɗaya ba, kuma tana jin daɗin faɗin haka fiye da yadda ya kamata.

A bangon ɗakin zama akwai farin allo. Darakta ne ya zo da dabarar daga wani taron ƙara wa juna sani na kwana uku da aka yi a otal. Ana rubuta laƙabin kowa, a gabansa a sa adadin kwanakin da ya yi bai sha ba. Kowace safiya akawu ya goge ya ƙara ɗaya. Wanda ya kai ɗari da tamanin a ba shi takarda. Wanda ya sake sha a mayar da shi sifili. Hanya biyu ce ake gane wanda ya sha. Ta farko gwajin fitsari, wanda ake yi ranar Talatar farko ta kowane wata, kuma an manna sanarwar ranar a ƙofar banɗaki don kada kowa ya manta. Ƙwayar ba ta wuce 'yan kwanaki a fitsari, kuma babu likitan da ya kai masu shanta sanin kwana nawa ne. Hanya ta biyu ita ce mutum ya buɗe baki ya faɗa da kansa. Wato a aikace hanya ɗaya ce.

Anti ta daɗe da lura da wannan. Ta taɓa faɗa a taron ma'aikata, aka rubuta a ƙarƙashin "sauran batutuwa", aka tashi. Ta ci gaba da buɗe kowane zama da kalmomin da ta saba: a ɗakin nan ba a ɓoye komai, wanda ya faɗi gaskiya ya yi rabin warkewa.

Ranar Alhamis ɗin da abin ya faru, lambar da ke gaban sunan Birki ɗari da saba'in da ɗaya ce. Ya shigo a makare, kuncinsa na hagu a kumbure, ya zauna a kujerar da ke kusa da ƙofa.

"Kai, Birki, wa ya mare ka?" in ji Farfesa. "Ko madam ce ta gaji da ganinka a gida?"

Aka kwashe da dariya. Farfesa ɗan shekara ashirin da bakwai ne, ɗan wani babban ɗan kasuwa, ya shiga jami'a sau biyu ya fito babu komai. Laƙabin ya samo asali ne daga bakinsa. Duk wata kalma da ke cikin littattafan cibiyar ya haddace ta, yana zubo su kamar famfo. Shi Darakta ke turawa gaba in an yi baƙi.

"Haƙori aka cire min," in ji Birki. Ya jira dariyar ta lafa. "Anti, ina da magana."

"Muna jinka."

"Na sha."

Ya ba da labarin kamar yadda direba ke ba da rahoton haɗari, da lokaci da wuri. Ranar Litinin aka cire haƙorin. Likitan ya rubuta masa magani. Yana kallon takardar ya gane sunan, ko daga nesa zai gane shi.

"Me ya hana ka gaya wa likitan halin da kake ciki?" Anti ta tambaye shi.

"Labule ne kawai tsakanina da masu jira, Anti. Kuma ga matar maƙwabcina a kan benci, da kunnuwanta."

Ya sayi goma. Da yammacin Litinin ya sha ɗaya, don ciwon har cikin idonsa yake ji. Da safen Talata ya sha ɗaya. Zuwa azahar ciwon ya tafi.

"Ta ukun fa, wallahi babu abin da ke min ciwo. So nake yi kawai. Na sha, na zauna a bakin gado, na ji abin nan ya fara hawa kamar da. Sai na ga ina ƙirga sauran, ina tsara yadda za su kai ni Juma'a. A nan na ƙwala wa maman yara kira. Na ba ta guda bakwai ɗin, ta zuba a masai ta kora ruwa, ina tsaye ina kallo."

"Bakwai?" in ji wani dattijo da ake kira Tela, ya dafe ƙirji. "A masai? Haba, Birki, ba ka da 'yan'uwa ne?"

Wannan karon har Birki ya yi dariya, yana riƙe da kunci.

A shekara ashirin da biyar na aiki, waɗanda Anti ta gani sun tsaya a ƙwaya ta uku ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Ta gaya musu haka. Ta ce duk abin da ake koyarwa a ɗakin nan shi ne abin da mutumin nan ya yi ranar Talata da azahar, sauran duk surutu ne. Aka tafa masa. Farfesa ya fi kowa tafi.

"Wannan shi ake kira ɗaukar alhakin kai," in ji shi. "Ni ma a tafiyar warkewata na gano cewa kunya ita ce babbar mai tunzurawa."

Yana magana yana susar wuya. Baƙin idonsa ya tsuke kamar kan allura, a ɗakin da ko hasken kirki babu. Mako na uku ke nan Anti tana ganin wannan alama ta mai shan ƙwaya a tare da shi. Lambarsa a allo ɗari da saba'in da huɗu ce.

Bayan an watse ta zauna cike takardun zama, ɗaya ga kowane mutum. Tambaya ta bakwai tana cewa: Ya sha wani abu tun daga zaman da ya wuce? A gabanta akwati biyu, E da A'a. Babu na uku. Hannunta ya ja layi a kan E kafin kanta ya ce komai. A ƙasa ta rubuta bayani layi biyar da kyakkyawan rubutunta na nas: maganin likita ne, biyu don ciwo, ɗaya ba don ciwo ba, ya tsayar da kansa, ya kawo rahoto da kansa, alama ce ta ci gaba mai ƙarfi. Ta sa hannu, ta sa kwanan wata, ta ajiye a tiren akawu, ta tafi gida da jin cewa ta yi aikin kirki a ranar.

Akawu akwatuna yake dubawa. Ba a taɓa ce masa ya karanta abin da ke ƙasa ba. Da safen Juma'a, a gaban sunan Birki an zana sifili, zagayayye tsaf.

Ta shiga ofishin Darakta ba tare da ƙwanƙwasawa ba. Sanyi da turare suka tare ta. Darakta ya karanta harkar gudanarwa ne, amma baƙi sukan kira shi Dokta, kuma bai taɓa gyara musu ba. A bayansa hotuna ne jere, a kowanne yana musabaha da wani yana kallon kyamara. Yana duba samfurin takardun shaidar da za a raba ranar Asabar ta sama, yana tunanin ko zanen gefen ya zama ruwan zinari ko shuɗi.

"Yallabai, an mayar da Birki sifili."

"Na gani, Sista. Abin tausayi. Wanne kika ga ya fi kyau a nan?"

"Maganin likita ne. Na rubuta a ƙasa."

Ya jawo takardar, ya ɗora yatsa a kan tambaya ta bakwai. "Wannan hannun wa ne?"

"Nawa ne."

"To ai shi ke nan." Ya sake dubawa, wannan karon ya karanta har ƙasa, leɓɓansa suna motsi. "Kuma kin ce ɗaya ba don ciwo ba. Ke kika rubuta, ba ni ba."

"Na rubuta ne don a ga abin da ya yi bayan nan. Aikinsa ne a kai, Yallabai. Ranar Litinin ta sama wa'adinsa ke cika. 'Ya'ya huɗu."

"Sista, ƙa'ida ƙa'ida ce. Masu tallafa mana suna zuwa ranar Asabar. Abin da muke nuna musu shi ne takardarmu tana da nauyi. In na ba wanda fayil ɗinsa ya ce ya sha kwana tara kafin rana, gobe wani ya buɗe fayil, me zan ce?"

"Farfesa fa? Ka kalli idonsa kwanan nan?"

Darakta ya jingina da kujera, ya yi murmushin da yake yi wa 'yan jarida. "Ya faɗa miki ya sha?"

"A'a."

"Gwaji ya nuna?"

"Gwajin da ya san ranarsa tun wata guda?"

"Ya nuna ko bai nuna ba?"

"Bai nuna ba."

"To ni ba na aiki da kallon ido, Sista. Da hujja nake aiki." Ya ce abin da zai iya yi shi ne ya ba Birki wasiƙar cewa yana ci gaba da karɓar kulawa. Ya faɗi hakan kamar wanda ya yi kyautar gida. Sannan ya yanke shawara a kan ruwan zinari.

Akwai abin da Anti ba ta nema ba, shi ma bai ambata ba, ko da yake dukansu sun gan shi a kan tebur: sabuwar takardar zama, fara fes, da alƙalami. Minti ɗaya zai isa. Ta kalli takardar, ta juya ta fita. A kan bene ta gaya wa kanta cewa ita ba irin su ba ce. Wannan maganar ta ɗan ɗumama ta har zuwa ƙasa, inda mai kemis ya gaishe ta da fara'a.

Ranar Laraba matar Birki ta zo. Gajeruwa ce, ba ta da jiki, tana aikin shara da goge-goge a wata makaranta, ta zo ne a lokacin hutun rabin rana da rigar aikin a ƙarƙashin mayafi. Anti ta nuna mata kujera, ta ƙi zama.

"Ke ce Anti?"

"Ni ce. Sannu da zuwa."

"Yawwa. So nake in ga fuskarki. Kullum Anti ta ce, Anti ta ce. Ko uwarsa ba ya ambata kamar yadda yake ambatonki." Ta kalli allon, ta nemo sunan mijinta. Akawu ya riga ya kai shi biyar. "Na ce masa, baban yara, ka yi shiru. Kwana tara ne. Ni na zubar da su da hannuna, babu wanda ya gani daga ni sai Allah. Ka karɓi takardarka, in ya so daga baya ka je ka yi ta faɗin gaskiyarka har ka gaji. Ya ce a'a, Anti ta ce a ɗakin nan ba a ɓoye komai."

"Abin da ya yi daidai ne. Ba kowa ke iya..."

"Daidai ne? To ba shi takardar mana."

Matar ta matso kusa da Anti.

"Kin san ana mayar da mutum sifili in ya faɗa?"

"Na sani."

"Kin gaya musu? Kafin ya buɗe baki, kin ce masa dakata, ga abin da zai biyo baya?"

"Kowa ya san ƙa'idar."

"Ya ɗauka ke za ki tsaya masa. Wawa." Ta gyara mayafinta. "Wata shida ina tashi da asuba ina goge ƙazantar 'ya'yan mutane, ina cewa saura kaza, saura kaza. Ke kuma kina nan ƙarƙashin fanka kina koya wa maza yadda za su tona wa kansu asiri. Allah ya ba da lada, Anti."

Ta sauka. Takun silifas ɗinta ya daɗe yana amsawa a benen.

Ranar Asabar aka yi bikin, a farfajiyar ginin, ƙarƙashin rumfar haya. Mai facin taya ya janye kayansa gefe. Aka jera lemo da biskit a kan tebur mai farin ƙyalle, aka hana kowa taɓawa sai baƙi sun tafi. Baƙin su uku ne, sun zo a makare, suna duba waya. Darakta ya yi jawabi na minti arba'in, ya ambaci kansa a matsayin "mu". Ya ce a cikin kowane mutum goma da suka shigo cibiyar, takwas suna fita a warke, kuma allo yana nan a sama ga mai son gani. Daga nan Farfesa ya hau, da sabuwar riga mai dogon hannu, ya yi magana a madadin waɗanda suka kammala. Ya ce a da yana cikin duhu. Ya ce gaskiya ce ta cece shi. Ya share ido a daidai wurin da ya kamata, mahaifinsa ya miƙe yana tafi, ɗaya daga cikin baƙin ta ɗaga wayarta ta ɗauke shi hoto. A cikin mutum taran da aka kira, Anti za ta iya rantsuwa a kan huɗu cewa ba su sha ba. Sauran biyar ɗin ta tafa musu kamar kowa.

Birki ya zo. Ya zauna a layin ƙarshe, kumburin ya saɓe. Da aka tashi shi ya taya akawu tattara kujeru, ba wanda ya sa shi. Anti ta same shi a nan.

"Zan rubuta wa manajanku wasiƙa da sunana," in ji ta. "In kai masa da kaina ranar Litinin. Zan gaya masa abin da ya faru duka, da abin da yake nufi a wurin wanda ya san aikin. Amma sai ka yarda."

"Duka, Anti?"

"Duka. In ya ji yadda ka tsayar da kanka, zai gane."

Ya ɗora kujera a kan 'yar'uwarta. "Ke kika san aikinki. Rubuta."

Ta kwashe ranar Lahadi tana rubutu. Shafi biyu, babu kalma ɗaya ta ƙarya. Ta sa shekarunta na aiki, ta sa lambar rajistarta ta nas. Ta karanta sau uku, ta ga ba ta taɓa rubuta abu mai kyau irinsa ba.

Harabar kamfanin tana ƙarshen gari, cike da warin man dizal da ƙarar injuna. Birki ya tsaya a bakin ƙofa da gogaggiyar rigar aikinsa, ita ta shiga. Manajan mutum ne mai tabarau da furfura a gefen kai, ba shi da alamar mugunta. Ya ba ta kujera, ya sa aka kawo mata ruwa, ya karanta shafin farko a natse. A tsakiyarsa ya tsaya, ya koma sama.

"Ashe ya sake sha?"

"Ka karanta gaba, Yallabai. Abin da ya yi bayan nan shi ne..."

"Zan karanta." Ya karanta har ƙarshe, ya cire tabarau ya ajiye. "Malama, ni na ɗauka jinkirin ofis ne. Irin wuraren nan naku ba sa fitar da takarda a kan lokaci, mun saba. Ranar Juma'a ma na ce in tasa ba ta zo ba, a sa shi yana jan ƙaramar mota a cikin harabar nan har ta zo, ko wata nawa za ta ɗauka. Mutumin kirki ne, ban taɓa samun direba mai kula da mota kamarsa ba."

"To a yi hakan mana."

"Da wannan a hannuna?" Ya ɗaga wasiƙar. "Kwana goma sha uku da suka wuce, in ji ki. Ga kwanan wata, ga sa hannunki, ga lambarki. Gobe ya take wani a harabar nan, a zo a buɗe durowa, a ga an gaya min a rubuce. Da ba ki kawo ba, da ban sani ba. Yanzu na sani."

"Ita ce hujja mafi ƙarfi cewa yana warkewa."

"Wataƙila a wurinku. Ni mota nake bayarwa." Ya jawo tambari ya buga a kan shafin farko, ya rubuta lokaci a ƙasa. Ta gane motsin hannun. Irin nata ne.

Ta fito ta same shi inda ta bar shi. Bai tambaye ta ba, ya gani a tafiyarta. A can cikin harabar wani saurayi ya hau babbar motar, yana ta ja da kujerar gaba, don ƙafarsa ba ta kai ba.

"Sai ya ɗaga ƙarfen da ke ƙasa ta hagu," in ji Birki, kamar mai magana da kansa. "Yana maƙalewa."

"Birki, ni na..."

"Ba komai, Anti. Kin yi ƙoƙari."

Da ya zage ta da ta fi jin daɗi. Ya raka ta har inda za ta hau mota, ya tsayar mata da ɗaya, ya buɗe mata ƙofa.

Alhamis ɗin da ta biyo baya mutum goma sha ɗaya suka zo zama. Anti ta buɗe baki za ta faɗi kalmomin da ta saba, ta fasa, ta ce kawai a fara. Aka bi layi. Na farko ya ce mako ya yi kyau. Na biyu ya ce alhamdu lillahi. Wani da ya shigo yana tangaɗi ya ce bai taɓa jin ƙarfi irin na yanzu ba.

"Tela, kai fa?"

"Lafiya lau, Anti. Ko ciwon kai babu."

"Babu abin da ya dame ka duk makon nan? Ko tunani?"

Tela ya dube ta da idon dattijon da ya ga jiya. "Anti, ni kwanana ɗari da arba'in. Tunanin me zan yi?"

Zaman da yakan ci awa biyu ya ƙare a minti ashirin da biyar. Ta cike takardu goma sha ɗaya, duka A'a. Washegari Darakta ya leƙo ya yaba mata, ya ce tun da aka buɗe cibiyar ba a taɓa samun mako mai tsabta irin wannan ba, kuma ya kamata ta rubuta yadda ta yi don sauran ma'aikata su koya.

Abin da ta rubuta maimakon haka takardar neman a sauya ƙa'idar ce, zuwa ga kwamitin amintattu. Akawu ya karɓa, ya ce za a duba a zama na gaba. Ba a sa ranar zaman ba.

Birki bai zo ranar ba, bai zo ta gaba ba. Ta kira wayarsa sau huɗu, tana shiga ba a ɗauka. A na biyar ta kira matarsa, wadda ta ɗauka a bugu na farko.

"Me kuma ya rage, Anti?"

"Ina son in ji lafiyarsa ne kawai."

Ana jin hayaniyar yara a bayan matar. Da ta yi magana babu faɗa a muryarta, gajiya ce kawai. Ta ce yana cin abinci. Ta ce ba ya yi wa kowa tsawa. Ta ce kullum ƙarfe shida na safe yakan sa rigar aikinsa ya fita, ya dawo gab da magariba, ya yi wanka ya kwanta. A kamfani an ce ba a ganinsa. Yayansa ya ce ba ya zuwa wurinsa. Sau biyu ta tambaye shi inda yake wuni.

Bai gaya mata ba.